Babi na Huɗu: Tarken Ra'ayin Ɗaukar Al'ada a Matsayin Jari, Misali daga Bikin Kamun Kifi na Argungu

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Kabawa suke gudanar da sana'ar su, wato kamun kifi, tare da kayan aikinta da sarautun da suke kula da ita. Shi kuwa wannan babi tarke ne a kan wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a bakin hukumomi da masu tsara manufofin raya ƙasa. Ra'ayin yana cewa al'adun da al'umma ta gada kaka da kakanni za su iya zama jarin da zai bunƙasa tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, bunƙasar da za ta game kowa da kowa, mai hali da maras hali, namiji da mace, na birni da na ƙauye. An zaɓi bikin kamun kifi na Argungu domin a auna wannan ra'ayi da shi, saboda a duk faɗin ƙasar Hausa da wuya a sami wata al'ada da aka fi kafa hujja da ita a wannan magana.

Abin da babin yake ƙoƙarin nunawa shi ne, ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, to amma masu riƙe da shi sun sa ido a kan ranar biki da baƙin da take jawowa, alhali kuwa ɓangaren al'adar da yake ciyar da talaka yana can cikin dokar ruwa da Kabawa suka gada, wadda ba a cika waiwayarta ba.

4.1 Asalin Ra'ayin

Haɗa al'ada da maganar raya ƙasa ya daɗe a Nijeriya. A shekarar 1977 ƙasar ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka fi sani da FESTAC, a 1988 kuma ta fitar da manufarta ta ƙasa a kan al'adu. Ita ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekaru goma, daga wannan shekara ta 1988 har zuwa 1997, domin raya al'adu, sannan a 1995 wani kwamiti a ƙarƙashin Javier Pérez de Cuéllar ya gabatar da rahoton da ya jaddada cewa ba a raba cigaba da al'adar mutanen da ake son su ci gaba. A 2003 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu, ta samar da yarjejeniyar kare al'adun da ba na gini ko kayan tarihi ba, irin su bukukuwa da waƙoƙi da sana'o'i, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2005. Daga bisani, a cikin muradun cigaba mai ɗorewa na 2015, an sanya wani ƙuduri a ƙarƙashin muradi na takwas wanda ya nemi ƙasashe su inganta yawon buɗe ido domin samar da ayyukan yi da tallata al'adu da kayayyakin cikin gida.

Idan aka dubi wannan ƙuduri na ƙarshe da idon basira za a ga ya ginu ne a kan zato guda biyu. Na farko, cewa hanyar da al'ada take zama kuɗi ita ce a zo a kalle ta. Na biyu, cewa kuɗin da mai kallo ya kashe za su gangara su isa hannun mai al'adar. Duka biyun zato ne, kuma ba a cika tsayawa a gwada su ba, sai dai a maimaita su a jawabin buɗe taro. Argungu wuri ne da ya dace a gwada su.

4.2 Bikin Tun daga 1934

Kafin a yi maganar biki, Kabawa suna da al'adunsu na ruwa waɗanda suka girmi kowane irin taro na baƙi. Akwai gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne buɗe lokacin su a hukumance, wato ranar da ake ba masunta izinin shiga ruwan da aka hana taɓawa. Shi kuwa bikin da duniya ta sani an danganta farkonsa da shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Muhimmancin ziyarar yana fitowa ne idan aka tuna cewa tun faɗuwar Birnin Kabi a hannun masu jihadi a 1805, Kabawa da Sakkwatawa suka shafe kusan dukkan ƙarni na goma sha tara suna gwabzawa. Ke nan bikin alama ce ta sulhu tun asalinsa.

Wannan batu na sulhu bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, domin shi ne hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi suke da ita, ko da yake ba su cika amfani da ita ba. Zaman lafiya tsakanin maƙwabta shi ke buɗe hanya, fatake su bi, kasuwanni su ci, manomi ya yi nisa da ganuwa ya noma fadama ba tare da fargaba ba. Amfanin irin wannan yana isa ga kowa, mai jaki da mai raƙumi. Idan har taron shekara-shekara ya taimaka wajen ɗorewar wannan zumunci, to ya yi wa tattalin arzikin yankin hidimar da ba a iya ƙididdige ta da kuɗin ɗakin baƙi.

Sannu a hankali bikin ya tashi daga hannun masarauta kaɗai ya zama harkar gwamnati. A 1970 shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon da takwaransa na Nijar Diori Hamani suka halarta, daga nan kuma sunansa ya ƙara yaɗuwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 sai ya zama babban abin alfaharin sabuwar jihar. An tsara shi ya zama na kwana huɗu, yawanci tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, ya ƙunshi nunin amfanin gona da kokawa da dambe da wasannin kabanci, irin su tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A rana ta ƙarshe dubban masunta, kowa da homarsa da gorarsa, suke rugawa cikin Matan Fada da zarar an ba da alama, wanda ya fito da kifi mafi nauyi, galibi giwan ruwa, shi ne gwarzo. Gasar ba ta wuce kimanin awa guda. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da suke wakiltar gadon ɗan Adam.

4.3 Ina Kuɗin Biki Suke Zuwa?

Babu musu cewa a kwanakin biki kuɗi suna juyawa a Argungu. Mai tuwo da mai shayi da mai tsire da ɗan acaɓa da mai sayar da tabarma da hula duk suna yin cinikin da ya fi na sauran ranaku. Wannan gaskiya ce, kuma duk tarken da ya musanta ta bai yi adalci ba. Tambayar ita ce, nawa ne rabon waɗannan idan aka kwatanta da jimillar abin da aka kashe, kuma kwana nawa abin yake ɗauka?

Da farko dai, manyan kuɗin da baƙo yake kashewa a kowace tafiya na sufuri ne da masauki. Kuɗin jirgi da na mota da na mai ba sa kwana a Argungu. Masauki kuwa, garin bai da ɗakunan da za su ɗauki taro irin wannan, saboda haka da yawa daga masu hali sukan sauka a Birnin Kabi ko Sakkwato, su zo da safe su koma da yamma. Kuma babu mai laifi a nan, domin babu ɗan kasuwar da zai gina ɗaki ɗari saboda kwana huɗu ya bar su a rufe sauran kwanakin shekara. Wannan ita ce matsalar duk wani arziki da aka rataya a kan rana guda.

Na biyu, wani babban kaso na manyan baƙin biki baƙin gwamnati ne, wato gwamnoni da ministoci da sarakuna da jakadu da 'yan rakiyarsu. Ɗawainiyarsu daga baitulmali take fitowa. Idan kuwa haka ne, to abin da ake kira kuɗin shiga, a wani ɓangaren, kuɗin talakawan jihar ne aka ɗauko daga wani aljihu aka zuba a wani, kuma aljihun da aka zuba su yawanci na ɗan kwangila ne, mai kafa rumfuna da kawo kujeru da abinci da ɗinkin anko. Ba a cewa kada gwamnati ta kashe kuɗi a kan al'ada. Abin da ake cewa shi ne, kashewa daban, samu daban, kuma jawaban da ake yi sukan gwama su.

Na uku, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, shi ne tsarin kyautar gasar. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, wanda ya kama shi kuma ya sami kyautar da ta haɗa da mota da kujerar Makka da miliyoyin naira. Ga mutum guda wannan canjin rayuwa ne, kuma babu mai yi masa baƙin ciki. To amma dubban da suka shiga ruwa tare da shi, waɗanda su ne abin kallon, waɗanda hotonsu ne ake bugawa a kalanda da mujallu ana tallata Nijeriya da shi, mafi yawansu sun fito ne da gajiya da ɗan abin da homa ta kamo. Da a ce masunta goma ne kawai suka shiga ruwan, da babu baƙon da zai taso daga Legas ko Ingila ya zo kallo. Yawansu shi ne hajar da ake sayarwa, amma ladan yana tafiya ga mutum biyu ko uku. Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsarin da ya fi kama da caca ba zai zama misalin arzikin da ya game kowa ba, ko da kuwa an ninka kyautar sau goma.

Har ila yau, girman kyautar yana iya ɓata al'adar da ake son karewa. A 2008 an ƙwace kambun daga wanda aka fara bayyana shi a matsayin gwarzo, bayan an zarge shi da shigo da kifin da ya riga ya mutu daga wani wuri. Ba a kawo wannan domin a tozarta kowa ba. An kawo shi ne domin ya nuna cewa idan aka ɗora dukiya mai yawa a kan awa guda, a cikin al'ummar da talauci ya yi wa katutu, to an buɗe ƙofar da gaskiya da amanar sana'a za su iya fita ta cikinta.

Sai kuma batun mata. Babbar gasar ta maza ce, haka ma kokawa da dambe. Amma kowa ya san cewa kifi ba ya zama kuɗi a bakin ruwa kaɗai. Sai an gyara shi, an soya ko an yi banda, an kai kasuwa, kuma hannun mata yana da yawa a wannan aiki, wasu daga cikin gidajensu ta hanyar tallan yara. Wannan aiki na kullum ne, rani da damina, shi ne kuma yake sayen gishiri da omo da littafin makaranta. Duk da haka idon biki yana kan mai babban kifi. Ra'ayin da ya ɗauki al'ada abin kallo dole ne ya tsallake duk wanda aikinsa ba ya kallo, mata kuwa su ne na farko a wannan sahu.

Abin lura a nan shi ne, ita kanta UNESCO ba ta yi alkawarin arziki ba. Sanya al'ada a wancan jeri ba ya zuwa da albashi ko kasafi. Hasali ma ƙa'idojin aiwatar da yarjejeniyar 2003 sun yi gargaɗi a kan mayar da al'ada haja fiye da kima, sun kuma ce masu al'adar su ne ya kamata su fara cin moriyar duk wata harkar kasuwanci da ta taso daga gare ta. Masu jawabi sukan ɗauki shaidar karramawar su bar gargaɗin.

4.4 Shekaru Goma Babu Biki

Tarihi ya yi wa wannan ra'ayi gwajin da babu mai bincike da zai iya shirya irinsa. Bayan bikin 2009 ba a sake gudanar da shi ba sai a watan Maris na 2020, saboda matsalar tsaro da ta addabi arewacin ƙasar da kuma halin da ruwan ya shiga. Wato lokacin da UNESCO ta karrama bikin a 2016, an riga an shekara bakwai ba a yi shi ba. Da aka dawo da shi a 2020, 'yan makonni kaɗan bayan watsewar taro sai annobar korona ta sa aka rufe tafiye-tafiye a ƙasar.

Abu biyu suke fitowa daga wannan. Ɗaya shi ne raunin arzikin da ya dogara ga baƙo. Baƙo mai yawon buɗe ido shi ne farkon wanda yake ɗauke ƙafa idan aka ji ƙarar bindiga ko labarin cuta, kuma shi ne na ƙarshen dawowa. Wannan bai tsaya ga Argungu ba. A Jamhuriyar Nijar, birnin Agadas ya daɗe yana cin abinci daga Turawa masu zuwa kallon Sahara, har tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya suka kore su. An sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma wannan bai mayar wa maƙeran azurfa da 'yan jagora kasuwarsu ta da ba. Ƙasashe masu tasowa su ne suka fi fuskantar irin wannan girgiza, su ne kuma ake ba shawarar su dogara ga sana'ar da ta fi kowace saurin tsorata.

Na biyun ya fi jan hankali. A cikin waɗannan shekaru goma Argungu ba ta mutu ba. Masunta sun ci gaba da su, manoma sun ci gaba da noman fadama. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a Jihar Kabi, a 2016 jihar ta ƙulla yarjejeniyar shinkafa da Jihar Legas, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a cikin Argungu. Waɗannan shirye-shirye suna da nasu kurakurai, musamman ta fuskar biyan rance da kuma su wa suka fi amfana, kuma ba a nan za a tattauna su ba. Abin da suka nuna dai shi ne, abincin mutanen yankin yana fitowa daga gulbi da fadamarsa, ko an yi biki ko ba a yi ba. Duk da haka, ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, wadda ta nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna cikin talauci, ta sanya Kabi cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Bayan shekaru 88 da fara bikin ke nan. Ba adalci ba ne a ɗora wa biki laifin talaucin jiha, to amma haka nan ba daidai ba ne a riƙa gabatar da shi a matsayin magani.

4.5 Dokar Ruwa

Idan aka kawar da rumfunan baƙi da jiniyar motoci gefe guda, abin da ya rage shi ne wani tsari na kula da ruwa. Yankin Matan Fada da ake yin gasar a cikinsa a hane yake a sauran kwanakin shekara, babu mai jefa homa ko birgi ko ƙugiya sai ranar da aka ba da izini. Akwai Sarkin Ruwa mai kula da lafiyar gulbin, akwai Homa shugaban masunta, a samansu kuma akwai Sarkin Kabi. Ilimin sanin ruwa, da halin kowane kifi, da lokacin da ya dace a shiga da lokacin da ya dace a ƙyale, ana gadonsa ne daga uba zuwa ɗa.

Wannan tsari shi ne dalilin da ya sa ake samun giwan ruwa mai nauyin babban mutum a ƙaramin rafi. Kifi ya sami wurin da zai girma ya hayayyafa babu mai damunsa, kuma idan damina ta yi ruwa ya cika ya malala cikin fadama, kifin da ya tsira a wurin da aka hana yakan bazu zuwa inda ba a hana ba. Ke nan mai ƙaramin kwalekwale a wani ƙauye, wanda bai taɓa cin gasa ba kuma ba zai taɓa ci ba, yana da rabo a wannan hani, haka ma matar da take yi masa banda da yaron da yake cin romon. Wannan shi ya fi kusa da abin da ake kira arzikin da ya game kowa, domin ba sai mutum yana da jari ko ilimin boko ko uban gida a gwamnati ba kafin ya amfana.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan irin wannan dukiya ta gama-gari. A 1968 Garrett Hardin ya yi hasashen cewa duk abin da yake na kowa da kowa ƙarshensa lalacewa, domin kowa zai yi rige-rigen kwasa kafin ɗan'uwansa. A 1990 Elinor Ostrom ta fitar da littafin da ya tattaro misalai daga sassan duniya na al'ummun da suka kiyaye ruwansu da dazukansu da makiyayarsu shekaru aru-aru ta hanyar dokokin da suka kafa wa kansu, aikin da ya sa ta sami kyautar Nobel a 2009. Daga cikin sharuɗɗan da ta gano akwai sanin iyakar wurin, da samun masu sa ido daga cikin al'ummar, da hukunci ga mai karya doka, da kuma hukuma ta sama ta amince da ikon mutanen wurin. Mai karanta waɗannan sharuɗɗa zai ga kamar Matan Fada ake siffanta masa. Abin mamaki shi ne, a ƙasidun tallata bikin, hanin su yakan zo ne a jimla guda, a matsayin dabarar tara wa baƙi manyan kifaye, alhali bikin ne ya tsiro daga dokar.

Sai dai bai kamata a yi wa tsarin kallon wanda ba shi da aibi ba. Sarautun ruwa na gado ne, wanda ba ɗan gida ba ba shi da murya a cikinsu, mace kuma ba ta da kujera. Haka nan masuntan da suke zaune kusa da wurin da aka hana su ne suke haƙura da kifin da suke gani da idonsu shekara guda, amma ranar gasa ana buɗe ruwan ga duk wanda ya zo, har daga nesa. Daɗin daɗawa, a da can wani ɓangare na ƙarfin dokar yana fitowa ne daga tsoron iskokin ruwa da tsafe-tsafen da suke tattare da gyaran ruwa. Yaɗuwar ilimin addinin Musulunci ya rage wa wannan ɓangare tasiri, saboda haka nauyin ya koma kan kwarjinin masarauta da yardar masunta. Ita kuwa yarda ba ta ɗorewa sai mai haƙuri yana ganin amfanin haƙurinsa.

Babbar barazanar ma daga sama take zuwa, wato daga inda ruwan yake gangarowa. Gulbin da ya ratsa Argungu haɗakar ruwan Rima ne da na Sakkwato. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a cikin shekarun 1980 kuma aka gina ta Goronyo a kan Rima. Binciken da masanin ƙasa W. M. Adams ya yi a kan Bakolori ya nuna cewa tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasa da madatsar suka dogara da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a wuraren. Kifin gulbi a cikin ambaliyar damina yake hayayyafa, idan ruwa bai hau fadama ba to an rage masa wurin zuba ƙwai da wurin kiwo. A kan wannan aka ƙara yashi da yake cike gulbin da injinan ban-ruwa da suke zuƙarsa da rani. Ga shi kuma tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon masarautu ya ragu, dokokin soja na 1992 da 1993 a kan kamun kifi da albarkatun ruwa kuma suka ƙara tattara iko a hannun gwamnati. Sarkin Ruwa yana nan da rawaninsa, amma mabuɗin ruwan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda take yanke lokacin da za a saki ruwa da yawan da za a saki.

A nan ne sharaɗin Ostrom na ƙarshe, wato amincewar hukuma ta sama da ikon mutanen wuri, ya yi rauni. Gwamnati tana girmama Sarkin Ruwa da Homa ranar biki a gaban baƙi, amma girmamawar da za ta amfani masunta ita ce a ba su wurin zama a inda ake tsara sakin ruwan madatsu, a kuma rubuta iyakar wuraren da aka hana su cikin dokar jiha yadda kotu za ta san da su. Haka nan wani kaso na abin da ake kashewa a kyautar mutum guda da ɗawainiyar manyan baƙi zai iya komawa ga yashe gulbi, da murhun banda mai cin itace kaɗan ga matan da suke sarrafa kifi, da kuma gyaran gidan tarihi na Kanta, wanda aka buɗe tun 1958 kuma ana iya ziyartarsa kowace rana ta shekara, ɗaliban makarantu su zo daga Sakkwato da Gusau da Dosso ba sai an jira Fabrairu ba.